Baiwata, In Ji Gwaggo

Ba don son ranmu muka baro ƙauyenmu na bayan Kademi ba. Shekarun nan ne da mahara ke fitowa daga duwatsun kudu, da an gama girbi sai kowa ya koma barci da ido ɗaya. Da suka kwashi mutane a ƙauyen da ke gaba da namu, maigidana ya ce shi kam ya gaji da noma yana waiwaye. Muka ɗora kayanmu a kan jaki, na goya 'yata, na ɗauki kwandon kaji a ka, muka yi arewa. Muka wuce Gaya, muka yi ta tafiya har wani ɗan gari tsakanin Gafasa da Ajingi.

Dagacin garin ya karɓe mu. Ya ba mu wani kango a can bakin gari, ya sa aka yanka wa maigida gona. Amma ya yi masa magana ɗaya, wadda maigidan ya dawo ya maimaita mini har na gaji da ji, domin ya san matar da ya aura. Dagaci ya ce garinsa ba a hayaniya, baƙon da ya zo da fitina zai koma ta hanyar da ya biyo. Mu kuwa ba mu da wurin komawa.

Na so gidan nan, ba zan ɓoye ba. Da hannuna na yi daɓen ɗakina har yana sheƙi. Na dasa lalle a bayan ɗaki, na shuka kuɓewa da yakuwa a jikin danga. Akwai wata tsamiya da inuwarta ke faɗowa tsakar gida da rana, a nan nake zama in yi kaɗi. A gidan nan na koma yin barci irin na mutane, har maigida ya ce ashe ina minshari.

Gidaje biyu ne kawai a wannan gefen, namu da na wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. Wani ɗan kwari ya raba mu da sauran gari. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya kuma bafatake ne, yana tafiya gabas saro kanwa, sai ya yi watanni bai leƙo ba. Gajeriya ce, baƙa, mai jiki, haƙoranta jajur da fure da goro, gidanta kullum ƙamshin turaren wuta. Dangar kara ce tsakaninmu, kuma ta tsufa, in ka sa ido kana ganin abin da ake yi a ɗaya gefen. Kwanakin farko ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwa. Har na ce wa maigida mun dace da maƙwabciya.

Ina da wata al'ada. Da magariba in kaji sun zo shiga akurki, sai in tsaya in ƙirga su da wasu kalmomi da na koya a bakin kakata ta wajen uwa: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. In na kai jowi sai in koma farko. Kakar nan ta rasu ina ƙarama, abin da na riƙe nata ke nan. Ni a sanina ƙirgen kaji ne, yadda ake ce wa akuya kur a ce wa jaki shi. Ban taɓa tunanin yaren wasu mutane ba ne.

Wata yamma ina cikin ƙirgen nan, sai na ji an kece da dariya ta bayan danga. Gwaggo ta tura kai ta wata kafa, ta dube ni sama da ƙasa, fuskarta cike da murna kamar wadda ta tsinci abinta da ya ɓace.

Ta ce, "Ashe baiwata ce Allah ya kawo mini har gida! Ke, gobe da safe ki zo ki share mini tsakar gida."

Na tsaya riƙe da murfin akurki. Wanda bai san zamanin ba ba zai gane nauyin kalmar nan ba. Lokaci ne da ake kai mutum kasuwa da igiya a wuya. Mu baƙi ne, ba wanda ya san iyayenmu a garin. In magana ta bazu cewa baƙin nan gudaddun bayi ne, wa zai tsaya mana? Wa zai auri 'yata in ta girma? Na ce mata, "Gwaggo, ki iya bakinki. Ni 'ya ce, jikar 'ya." Sai ta ƙara tuntsirewa da dariya, ta ce duk haka suke cewa.

Daga ranar na shiga uku. Da safe in ta ji motsina sai ta ɗaga murya, "Baiwata ta tashi?" In na fito shanya ta ce ƙafafuna kamar karan dawa, iska mai ƙarfi za ta kai ni Ajingi ba tare da na shirya ba. In ta ji ƙamshin miyata ta ce a taimaka wa bawan Allah mijin nan, ruwan zafi ake ba shi da sunan miya. Ba ta tsaya a baki ba. Sai ta zuro hannu ta danga ta tsinke mini kuɓewa a kan idona. Ta shigo ta ɗauki faifaina sabo ta fita, ko sallamar kirki babu, tana cewa kayan baiwa ai na uwargijiyarta ne.

Na kai wa maigida ƙara. Shi mutum ne da in ka taka shi zai tambaye ka ko ƙafarka ba ta ji ciwo ba. Yana tufkar igiya, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ki yi haƙuri, tsohuwa ce, mu kuma baƙi ne." Na yi haƙurin, wallahi na yi, har na kwana biyu ko uku. Amma ni Allah bai halicce ni da bakin da ke rufuwa ba. Uwata ma ta sha cewa da bakina na fara fitowa duniya.

Ranar da na fara ramawa, na ce mata ta dubi kanta tukuna, mace kamar an kifa tukunya a kan turmi. Na jira ta fashe da faɗa. Sai ta tafa hannu ta ce, "Yauwa! Ashe da rai! Ƙaro wani." Na ƙaro. Na ce turaren da take bankawa ba don ƙamshi ba ne, don kada a ji ƙaurin tuwonta ne. Ta yi dariya har tana dafa danga, ta ce rabon da ta ji daɗin safiya irin wannan har ta manta. Ni kuwa dariyar nan ta fi zagin ƙona mini rai. A ce ka zage iya ƙarfinka ka zagi mutum, shi kuma yana neman ƙari!

Akuyarta ta shigo ta cinye mini yakuwa. Na kama ta, na ɗaura mata wani tsumman zane a ƙugu, na ɗaura mata kallabi a ƙaho, na kora ta gida, na ce a gaya wa Gwaggo ga ƙanwarta nan ta zo gaishe ta. Na zauna ina jira a zo a yi ta ta ƙare. Can sai ga Gwaggo ta turo mini ƙwarya ta kafar danga, cike da dambu mai zafi, wai tukuicin kwalliyar da na yi wa ƙanwarta. Ban ci ba, na ce wa ya san abin da aka barbaɗa. Maigida ya cinye tas, ya ce in akwai wata akuyar a kawo ya taya ni ɗaura mata kallabi.

Haka muka ci rani, muka shiga damina. Ita tana ƙiba, ni ina ramewa.

Sai wata safiya aka wayi gari da ruwa, irin wanda ke kwana yana zuba. Murhun Gwaggo a rumfa yake, rumfar ta yi yoyo, garwashin da ta binne a toka ya mutu. Ni nawa na cikin ɗaki, yana nan da ransa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake yi: in wutarka ta mutu, ka ɗauki kasko ka shiga gidan maƙwabci ka ɗebo. Ba a roƙo, ba a godiya mai yawa, ko masu gaba suna ɗibar wuta a gidan juna. Sai ga ta ta shigo da kaskonta, zane a jiƙe, tana cewa, "Ina baiwar nan? Zubo wa uwargijiyarki wuta, sanyi zai kashe ni."

Daren jiyan ban yi barci sosai ba, 'yata na zazzaɓi. Na tare bakin ƙofa na ce, "Babu wuta."

Ta leƙa ta gefena, ga garwashi jajur. Ta yi murmushi tana jiran sauran maganar. Na ce, "Na ce babu. Baiwa ba ta da wutar da za ta ba 'ya. Je ki nema a gidan 'ya'ya irinki."

A karo na farko tun da na san ta, ban ga haƙoranta ba. Ta dube ni, ta dubi kaskon da ke hannunta, ta juya ta fita. Na ce a raina yau dai na samo inda ke mata ciwo.

Abin da ban lissafa ba shi ne kwarin nan. Sai da Gwaggo ta tattare zane ta ratsa ruwa da taɓo har gwiwa, ta shiga cikin gari da kasko a hannu. Duk gidan da ta wuce sai an tambaye ta, "Gwaggo, lafiya? Ina baƙin da ke jikin gidanki?" Ita ba ta ce komai ba, amma kaskon ya faɗa. Kafin azahar duk garin ya san baƙuwar bakin gari ta hana tsohuwa wuta ranar ruwa.

Daga nan danga ta yi tsit. Ba zagi, ba dariya, ba satar kuɓewa. Abin da na daɗe ina roƙo ya samu, amma sai gidan ya yi mini wani iri. A rijiya in na yi sallama, sai a amsa mini ciki-ciki. Bayan sallar Juma'a dagaci ya kira maigida. Ya dawo ya zauna a gindin tsamiya, ya ce, "An ce mahaifiyar dagaci za ta saurare ku gobe, ke da Gwaggo. Abin da ta yanke shi zai yi. In mu ne da laifi, da mun girbe gero sai mu san inda muka nufa." Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Na dubi lallena da ya fara tofo, na dubi daɓen ɗakina.

Mahaifiyar dagaci, Iya ake ce mata, tsohuwa ce tukuf, ita ke raba rigimar matan garin. Na same ta zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, matan gidan sun kewaye ta, wasu sun zo da kaɗinsu don kada a ce kallo suka zo. Gwaggo na gefe, ta sunkuyar da kai. Na durƙusa na gaishe ta.

Iya ta ce, "Yarinya, an ce kin hana maƙwabciyarki wuta."

Na ce, "Ranki ya daɗe, na hana. Amma a tambaye ta sunan da take kira na da shi tun da na zo garin nan. Baiwa take ce mini, safe da yamma. Ni ba a taɓa sayen kowa a danginmu ba."

Mata suka ajiye mazari. Iya ta juya ta ce, "Ke kuma, da girmanki, ki jefi 'yar mutane da wannan kalma?"

Gwaggo ta ɗago, idonta ya yi ja. Ta ce, "Iya, tun yaushe Bafulatana ke kai ƙarar Babarbariya don ta ce mata baiwa? Ai ni na ɗauka wasanmu muke yi. Tun da Bafulatanar da ke kawo mini nono ta tashi da mutanenta, ban sake samun abokiyar wasa ba. Da na ji wannan na ce Allah ya mayar mini."

Na ce, "Wace ce Bafulatanar?"

Ta ce, "Ke mana."

Na ce, "Wace ce kuma Babarbariyar?"

Nan fa mata suka fara ƙyaƙyatawa. Ashe kowa a garin ya san uban Gwaggo daga Barno ya zo da fataucin kanwa ya zauna, ni kaɗai ce ban sani ba, don a nan aka haife ta, ba tsaga a fuskarta, Hausarta kuma ta fi tawa. Wasan Fulani da Barebari kuwa wa bai san shi ba? Kowa ya ce ɗaya bawansa ne, a yi zagi, a ƙwace wa juna kaya, ba fushi ba ƙara. Na san shi sarai. Abin da ban sani ba shi ne ina ciki.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni Bahaushiya ce gaba da baya."

Gwaggo ta ce, "A ce ta ƙirga kaji."

Iya ta ce in ƙirga. Na ji kunya, amma na ƙirga: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Ban rufe baki ba wata amaryar gidan, 'yar rugar da ke yamma da gari, ta ɗora daga inda na tsaya, ta yi ta jero wasu kalmomin har ta cika goma. Aka kwashe da dariya, wata har da faɗuwa a kan audugarta. Na ce to ni ina zan sani, masu tallan nono ai da Hausa suke ciniki da mu.

Iya ta share hawaye ta ce, "Wa ya koya miki?"

"Kakata ta wajen uwa."

"Doguwa ce, siririya?"

"Haka ne."

"Tana cin abinci a gaban mutane?"

Na tuna yadda take juya baya ta fuskanci bango in za ta sha fura, da wata ƙwarya mai zane da ba ta yarda kowa ya taɓa. Na ce, "Ba ta ci."

Iya ta ce, "To, kin ji."

Da dariya ta lafa, sai ta gyara zama, muryarta ta sauya. Ta ce, "Yanzu ku saurara. In kin ce ba ki da jinin Fulani, to ta yi wa 'ya ƙazafi, sai in tura ta wurin ɗana, shi kuma ya san inda alƙali yake. In kin yarda kina da shi, zagin duk wasa ne, ya wuce. Amma ko ta wace hanya aka bi, maganar wuta tana nan. Wuta ba ta cikin wasa. Ban taɓa jin garin da ake hana ta ba, kuma ba za a fara a garin ɗana ba."

Na ga gidana yana fita daga hannuna.

Sai Gwaggo ta yi gyaran murya. Ba ta dube ni ba, Iya ta duba. Ta ce, "Iya, wutar ma wasa ce. Ni ce na tsufa na kasa ganewa. Ke a tsawon ranki kin taɓa ganin Bafulatana ta ba da abu ba a yi ciniki ba? Waɗanda ke auna wa mutum nono da ludayi kamar magani? Da na tsaya mun yi ja-in-ja, da ta ba ni."

Ta faɗi haka, sannan ta ɗan karkato da kai ta kalle ni ta wutsiyar ido. Ta san ba wasa na yi ba, ni ma na san ta sani. Na ji hawaye na neman kunyata ni a gaban mata. Na haɗiye shi da ƙyar.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni fa ban hana ta wuta ba. Mamaki ne ya kama ni. Baiwata ce tun kaka da kakanni, a ƙa'ida ita ya kamata ta yi sammako ta zo ta hura mini tawa, sai ga ta da kasko wai in zuba mata."

Gwaggo ta daka tsalle daga zaune, da jikin nan nata, ta ce, "Kun ji ta ko! Kun ji 'yar Fillo mai ƙafar kara!" Haƙoran nan jajaye suka sake bayyana. Iya ta jefe mu da mafici ta ce mu tashi mu ba ta wuri, mun sa ta dariya har haƙarƙarinta na ciwo. Hukuncinta ɗaya ne: a yanke danga a yi ƙofa tsakanin gidajen biyu, don kada wata ta sake zagayawa da kasko.

Maigida ne ya yi ƙofar da yammar nan. Yana ɗaure kara yana satar kallon hancina, wai shi dama ya daɗe yana zargi. Na ce ya yi aikinsa.

Har yau ban yarda laifina ba ne. Mutum zai fara wasa da kai, ai sai ya gaya maka ana wasa. Na sha faɗa mata haka, ita kuma ta ce ai ba ta san akwai Bafulatanar da ta kai ni rashin wayo ba, har ta manta da kanta.

A gidan nan na haifi sauran 'ya'yana, Gwaggo ce ta yanke wa kowannensu cibi, tana yi tana cewa ga wani bawan ya ƙaru mata. Da 'yata ta isa aure ita ta yi mata turaren da har Ajingi aka yi zancensa. Duk shekara ranar cika-ciki sai mun tara mutane kan wadda za ta ba wata shara, kyautar nan ta abokan wasa, ba mu taɓa daidaitawa ba, ƙarshenta kowa ta aika wa 'yar'uwarta tuwo da cinyar kaza. Faifaina kuwa ba ta dawo da shi ba.

Da ciwon ajalinta ya kama ta, ɗanta na hanya, ni na yi jinyarta. Wata rana da hantsi ina ba ta kunu, ta ture ludayin ta ce, "Har yanzu ba ki iya dama kunu ba." Na ce ta sha ko ta bari, ba ni da lokacin bayi. Ta yi dariyar da ƙarfinta ya iya, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke, in na tafi wa zai riƙa zagin ki?" Na ce ta kwantar da hankalinta, zan samu. Allah ya jiƙanta, ban samu ba.

Yanzu ni ce tsohuwar bakin gari. Kowa durƙusa mini yake yi, a ce Iya kaza, Iya kaza, ba mai ce mini ko kanzil, abin har ya gundure ni. Jikokinta ne a gidan, yaran kirki, in wutarsu ta mutu su shigo ta ƙofar nan da sallama da ladabi su ɗiba. Ina nan da kajina. Da magariba in sun zo shiga, da ƙarfi nake ƙirga su, yadda za a ji a bayan danga. In na kai jowi sai in ɗan dakata, sannan in rufe akurki.